Hannun Ƙarshe: Fashin Baƙi Kan Ba da Magani a Asibitocin Damagaram

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro a babban asibitin Damagaram, ko a wata cibiyar lafiya ta Mirya, Magarya ko Matamaye a tsakiyar damina, ya san cewa likitan da ya duba yaron ya rubuta takarda ba shi ne yake ɗura masa maganin ba. Likita yakan zagaya da safe, ya duba, ya rubuta, ya wuce ɗaki na gaba, wanda kuwa zai kwana da majiyyaci, ya fasa kwalbar allura, ya auna, ya soka, shi ne malamin jinya ko mataimakinsa. A ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye ma babu likitan sam, ma'aikaci guda ne mai duba mara lafiya, shi ne mai ba da magani, shi ne kuma mai riƙe da littafi. Idan likita ya yi kuskure a rubutu, mai sayar da magani yana iya kamawa, idan mai sayar da magani ya yi kuskure, malamin jinya yana iya kamawa, amma idan kuskuren ya fito daga hannun da ke riƙe da sirinji, babu wani mai tarewa tsakaninsa da jikin majiyyaci. Wannan matsayi na hannun ƙarshe shi ne abin da nake so in warware a nan.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A watan Maris na 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na rage cutarwar da ke fitowa daga magani da rabi cikin shekaru 5, inda ta ƙiyasta cewa kurakuran magani suna jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 a kowace shekara. A makarantun koyon aikin lafiya, har da tamu ta nan Damagaram, ana haddatar da ɗalibai ƙa'idoji biyar: a tabbatar da majiyyacin, da maganin, da adadin, da hanyar da zai shiga jiki, da lokacin. Ban taɓa haɗuwa da ɗalibin da ya kasa jero su ba. Sai dai a iya abin da na gani, kuskure ba safai yake fitowa daga rashin sanin ƙa'ida ba, daga zato yake fitowa. Mutum ya zaci yaron nan shi ne wanda aka rubuta wa, ya zaci kwalbar yau irin ta jiya ce, ya zaci uwa ta gane bayani domin ta gyaɗa kai. Kowace ƙa'ida cikin biyar ɗin, idan aka tone ta, dabara ce kawai ta cire zato a sa tabbaci a gurbinsa.

A fara da majiyyaci, wanda ake ganin shi ne mafi sauƙi. Wata shekara cikin watan Satumba, a wani ɗakin yara da na yi aiki, gado ɗaya yana ɗauke da yara biyu saboda yawan masassara, kuma a daren akwai yara uku masu suna iri ɗaya. Wata ɗaliba mai koyon aiki ta shigo da allura ta kira sunan, wata mata ta amsa, ta miƙo hannun ɗanta. Allah ya sa majo, wato shugaban malaman jinya na ɗakin, yana tsaye kusa, ya ce, "Dakata, ƴata. Baiwar Allah, daga wane gari kuka zo, kuma wa ye uban yaron?" Amsar da matar ta bayar ba ta dace da abin da ke cikin takarda ba. Allurar ta wani yaro ce da ke can ƙuryar ɗaki, wanda ya kusa ninka wannan nauyi, uwarsa kuwa ta fita neman ruwan zafi. Matar da ta amsa ba ƙarya ta yi ba, sunan ɗanta ta ji.

Darasin da ke nan ya shafi yadda ake tambaya. Mutanenmu suna da ladabi a gaban ma'aikacin lafiya, idan ka ce wa dattijo "Baba, kai ne wane?" yana iya cewa "Na'am" don girmamawa, ko don bai ji sosai ba, ko don ya gaji da jira. Tambayar da ke da amfani ita ce wadda amsarta ba "i" ko "a'a" ba ce: a bar mutum ya faɗi sunansa da bakinsa, da sunan mahaifinsa, da garinsu, sannan a gwada da abin da ke cikin karne, wato ɗan littafin asibiti na majiyyaci, da takardar gado. Akwai kuma wata al'ada tamu da littattafan da aka rubuta a Turai ba su san da ita ba, wato alkunyar ɗan fari. Uwa da yawa ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba ko da a asibiti ne, sai ta sunkuyar da kai ko ta ce "yaron nan". Mataimaki mai hankali ba ya tsayawa yana matsa mata lamba, kuma ba ya wucewa bisa zato, sai ya juya ga kakar yaro ko duk wanda ya rako su, ko ya tambayi sunan uba da unguwa. Tagwaye ma abin lura ne, domin karnen Hassana da na Usaina a jaka ɗaya suke kwana, haka nan uwar da ta fito cikin ruɗu da tsakar dare tana iya ɗauko karnen wan yaro maimakon nasa.

Inda aka fi samun ɓarna, a ganina, shi ne adadi, musamman a kan yara, kuma a nan zan daɗe. Tun 2006 da gwamnatin Nijar ta mayar da kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, yara ne suka fi cika cibiyoyinmu, maganin yaro kuwa da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba, balle da ido. Shekarun ma sau da yawa ba a san su daidai ba, sai a ce an haife shi da kakar bara ko bayan babbar salla. Ga kuma tamowa, wadda ke sa yaro ɗan shekara 3 ya zo da nauyin ɗan shekara guda. Saboda haka sikelin da ke rataye a bakin ƙofa ba kayan ado ba ne, kuma nauyin da aka rubuta wata 4 da suka wuce ba shi ne nauyin yau ba.

Mu ɗauki allurar atesunat, wadda ita ce kan gaba wajen maganin masassara mai tsanani. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kan kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce kuma miligiram 2,4, ana yi a karon farko, a maimaita bayan awa 12, a sake a cikar awa 24, daga nan sau ɗaya a rana har ya iya haɗiyar ƙwaya. Kwalbar miligiram 60 gari ce, ana fara narkar da ita da mililita 1 na ruwan bikarbonat da ke zuwa tare da ita, a jira ta washe, sannan a ƙara ruwan gishiri. Idan ta jijiya za a yi, mililita 5 ake ƙarawa, sai kowane mililita ya ɗauki miligiram 10. Idan a tsoka za a yi, mililita 2 ake ƙarawa, sai kowane mililita ya ɗauki miligiram 20. To, ga yaro mai kilo 12. Rabonsa miligiram 36 ne, wato mililita 3,6 na haɗin jijiya, ko mililita 1,8 na haɗin tsoka. Idan mataimaki ya haɗa ta irin ta tsoka, amma ya zuƙo adadin da ya saba zuƙowa na jijiya, ya ba yaron ninki biyu. Idan kuma ya dubi yaron da ido ya ce ai wannan bai wuce kilo 8 ba, ya rage masa kashi ɗaya cikin uku na abin da zai kashe ƙwayar cutar da ke cikin jininsa. Kwalba ɗaya ce, magani ɗaya ne, yaro ɗaya ne, bambancin duka yana cikin lissafin minti guda da aka yi ko aka tsallake. Kuma abin da ya rage a kwalbar ba a ajiye wa allura ta gaba, domin bayan awa guda da haɗawa ba a amfani da shi, ko da yake na san zafin da ke cikin zubar da magani a lokacin da kwali ya kusa ƙarewa.

Jentamisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, ta fi wannan tsauri, saboda yawanta yana taɓa ƙoda, yana kuma iya kurmantar da yaro har abada. Kwalbar da aka fi samu tana ɗauke da miligiram 80 a cikin mililita 2, jariri sabon haihuwa mai kilo 3 kuwa miligiram 15 ne rabonsa a rana, abin da bai kai rabin mililita ba. Wanda ya saba yi wa manya, hannunsa ya saba zuƙe kwalba gaba ɗaya, idan ya yi wa jariri haka ya ba shi fiye da ninki biyar. Irin wannan ɗan adadi ba a auna shi da sirinji mai mililita 5 ko 10, sai da ƙarami mai mililita 1, ko a tsinka maganin bisa ƙa'idar da aka rubuta. A nan ne kuma ƴar alamar waƙafi take zama batun rai da mutuwa. A rubutun Faransanci da muke aiki da shi, rabi ana rubuta shi 0,5 ne, idan mai rubutu ya bar sifilin farko, ko biro ya ƙi fitar da waƙafin, sai rabi ya koma 5. Haka nan harafin U da ake taƙaita ma'aunin insulin, allurar ciwon sikari, da shi, idan aka rubuta shi cikin gaggawa yakan yi kama da sifili, sai 4 ta koma 40. Duk lissafin da ya fito da abin da ido bai saba gani ba, kamar a ce jariri zai sha kwalba uku ko babba zai sha ƙwaya goma a tashi ɗaya, alama ce ta a ajiye sirinji a nemi mutum na biyu ya sake lissafawa shi kaɗai, ba tare da an faɗa masa amsar farko ba.

Ƙwayoyin sha ma suna da tarkonsu. Maganin masassara mai haɗin atemeta da lumefantirin yana zuwa da ƙarfi iri-iri. Mai lamba 20/120 babba yana shan huɗu-huɗu har sau 6 cikin kwana 3, mai lamba 80/480 kuwa ɗaya-ɗaya ne. Wanda ya haddace "huɗu da safe, huɗu da dare" bai dubi kwali ba, wata rana zai sa mutum ya sha ninki huɗu, wanda kuma ya haddace "ɗaya-ɗaya" zai sallami majiyyaci da rubu'in magani, ya dawo bayan mako biyu ana cewa maganin jabu ne. Parasitamol kuwa, da ake raina shi kamar alewa, yaro miligiram 15 yake sha a kan kowane kilo, tazarar awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da kwana, kuma yawansa hanta yake lalatawa a ɓoye, ba a ganin alama sai an makara. Doliprane da Efferalgan duk parasitamol ne, haka kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da na ciwon jiki masu yawa, don haka uwa tana iya ba yaro abu ɗaya da sunaye uku tana tsammanin magani uku ta ba shi. Ruwan maganin ma ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa ma'aunin da ya zo da wata kwalba ba a ɗaukarsa a auna wata da shi.

Hanyar da magani ke bi zuwa cikin jiki tana da nata hukunci, kuma wasu kurakuranta ba su da gyara. Kinin ba a tura shi kai tsaye cikin jijiya, sai a cikin ƙarin ruwa mai sikari, yana ɗiga a hankali tsawon awa 4, domin turawa da sauri tana iya tsayar da zuciya, kuma ko a hankalin ma yana faɗar da sikarin jini. Ruwan potasiyom mai kauri shi ma haka ne, ko ma ya fi, abin tsoron kuma shi ne ƴar kwalbarsa tana kama da ta ruwan gishiri ko ta ruwan haɗa allura, musamman da dare idan wuta ta ɗauke ana aiki da hasken waya. Seftiriyazon, allurar kashe ƙwayoyin cuta, da aka narkar da lidokayin mai kashe zafi don allurar tsoka haram ne ta shiga jijiya, kuma ba a haɗa ta a layi ɗaya da ruwan Ringer saboda sinadarin kalsiyom da ke cikinsa, balle ga jarirai. Sai kuma allurar ɗuwawu ga ƙananan yara. Akwai wata babbar jijiya ta motsi, ba ta jini ba, da ke saukowa daga ƙugu ta ratsa ɗuwawu zuwa ƙafa, idan allura ta same ta, musamman ta kinin, yaro yana iya tashi yana jan ƙafa har tsufansa. A garuruwanmu akwai masu ɗingishi da ake ɗora wa shan inna ko iska alhali allura ce. Wurin da ya dace ga ƙaramin yaro shi ne gefen cinya ta gaba. A nan dole in faɗi wani abu game da mu jama'a, domin mu ne muke zuwa muna cewa "Malam, a yi masa allura dai, ƙwaya ba ta jin sa", har ana ganin ma'aikacin da ya sallami mutum da ƙwaya bai iya aiki ba. Mataimakin da ya biye wa wannan roƙo don a yabe shi ya ɗauko haɗarin da babu dalilinsa, tun da yawancin magungunan da ake iya haɗiya aikinsu ɗaya ne da na allura.

Akwai wata wahala da ta keɓanta da mu mazauna kusa da iyaka, wadda ban cika jin ana maganarta ba. Magani ɗaya yakan ratsa harsuna uku kafin ya shiga ciki: likita ya rubuta da Faransanci, kwalin da ƴan uwa suka sayo wataƙila ya shigo ta Kano ko Daura da rubutun Ingilishi, bayani kuma a yi shi da Hausa, wani lokaci ma a sake juya shi zuwa Barbarci, Fillanci ko Buzanci. A kowace mashiga ana iya yar da wani abu. A kan kwalin Ingilishi akwai kwanan wata biyu, na ranar da aka yi maganin da na ranar da wa'adinsa zai ƙare, wanda bai saba ba yana iya ɗaukar wannan a madadin wancan. Abin da ke tsare mutum shi ne ya saba da karanta sunan asali na magani, wanda kusan iri ɗaya ne a harsunan biyu, tare da lambar ƙarfinsa, ya daina dogara da launin kwali ko sunan kasuwa. Ana koyar da karanta kwalba sau uku, lokacin ɗaukowa, lokacin zuƙowa da lokacin ajiyewa, kuma duk sirinjin da aka cika aka ajiye ba rubutu a jikinsa, makomarsa kwandon shara ne, ko da wanda ya cika shi ya rantse ya san abin da ke ciki. Umarnin da aka bayar ta waya, wanda ya yawaita yanzu da ma'aikacin ƙauye ke kiran majo ko likitan gunduma, sai an rubuta shi nan take, a karanta wa mai umarnin ya ji, a faɗi lamba ɗaya bayan ɗaya, domin lamba tana iya rikiɗewa a kunne a layin da ke yankewa.

Batun lokaci ba zan ja shi ba, sai gefensa da ya shafi bayani. "Sau uku a rana" ga mai rubutu tazarar awa 8 yake nufi, ga mai sha kuwa yana iya zama safe, hantsi da azahar, ya gama kafin la'asar. Mu da Allah ya hore wa agogon da kowa ya sani, sai a ɗaura magani a kan salla: bayan asuba, bayan azahar, sannan lokacin kwanciya bayan lisha, wanda ya yi kusa ƙwarai da awa takwas-takwas. "Cokali ɗaya" ma ba ma'auni ba ne, tun da cokalin shayi da na cin shinkafa duk cokali ne, gara a ba uwa sirinji mara allura a ja mata layi inda za ta tsaya. Kuma kada a rufe da "Kin gane ko?", domin amsar kullum ita ce "Na gane". A ce mata, "Inna, nuna mini yadda za ki ba shi in kin koma gida." Wannan ya fi bayyana a lokacin rabon maganin rigakafin masassara na damina ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, wanda aka fara a Nijar a 2013, Magarya tana cikin wuraren farko. Ranar farko ce kawai ake ba yaro a gaban mai rabo, ƙwayar amodiyakin ta kwana biyu da suka rage a hannun uwa take, idan ba ta fahimta ba sai ta haɗa su rana ɗaya, ko ta ɓoye su sai ranar da yaro ya yi zazzaɓi. Mai rabo kuma sai ya tambaya ko yaron yana da zazzaɓi a ranar, ko yana shan kotirimoksazol, ko wancan zagaye ya yi masa borin jini, sannan ya ɗan dakata, domin wanda ya amayar cikin minti 30 ana sake ba shi.

Duk wannan kulawa tana tafiya a banza idan maganin kansa ya mutu ko kuwa tun asali ba magani ba ne. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano. Oksitosin, wadda ake yi wa mace bayan haihuwa don tsayar da jini, wurinta firji ne tsakanin digiri 2 da 8, idan ta yi makonni a aljihun tebur na ɗakin haihuwa ƙarfinta yana raguwa ba tare da launinta ya sauya ba, ungozoma ta yi allura daidai, jini ya ci gaba da zuba. Alluran rigakafi suna da ƴar alama a jikin kwalba wadda tsakiyarta ke duhu idan zafi ya taɓa su, kuma na ƙyanda da na tarin fuka da aka riga aka haɗa ba sa wuce awa 6. Game da jabu kuwa, mu ba labari aka ba mu ba. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutane fiye da 50.000 allurar rigakafin jabu a Nijar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar kimanin 2.500 da wannan, kuma a 2015 da 2019 an sake gano jabun rigakafin sanƙarau a ƙasar. Hukumar ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe irin namu jabu ne ko mara inganci, sannan a 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan gurɓataccen maganin tari. Saboda haka idan ƴan uwan majiyyaci suka kawo magani a leda, ba rashin kunya ba ne mataimaki ya tambayi inda aka sayo shi, ya duba lambar kwali da wa'adi, ya ƙi yin allurar da aka sayo a kan tebur cikin rana. Haka kuma ya tambayi abin da aka riga aka sha a gida, na kanti da na gargajiya, cikin murya mai laushi, domin wanda aka yi wa tsawa cewa zai yi bai sha komai ba.

Soka allura ba shi ne ƙarshen aiki ba. Wanda aka yi wa penisilin da danginta, ko ruwan maganin dafin maciji, sai ya zauna a gaban ido na ɗan lokaci, kuma adiranalin, allurar ceto idan jiki ya ƙi magani, ta kasance a kusa, ba a kulle a ofishin da mai makullinsa ya tafi gida ba, domin idan jiki ya yi bore, numfashi ya fara toshewa, rabin mililita a cinya ga babba cikin mintunan farko shi ne abin da ke ceto. Mai jijjigar ciki da ake yi wa magineziyom, kafin kowace allura ana ƙirga numfashinta kada ya gaza 16 a minti, a duba motsin gwiwa da yawan fitsari. Sai rubutu, wanda shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wanda ya yi allura bai rubuta ba ya buɗe ƙofar a maimaita ta idan masu gardin dare suka karɓi aiki, wanda kuma ya rubuta tun kafin ya yi, sannan aka kira shi wani wuri ya manta, ya bar takarda tana shaidar abin da bai faru ba. A rubuta bayan an yi, da awa, da adadi, da sa hannu, idan kuma majiyyaci ya ƙi sha ko ya amayar, shi ma a rubuta.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya ba ilimi ba ne, matsayi ne. Mataimaki ƙarami ne a tsarin aiki, mu kuma an tashe mu a kan cewa yaro ba ya mayar wa babba magana. Ɗalibar da ta ga adadi ya yi mata yawa tana tsoron a ce ta raina likita, sai ta yi shiru ta soka. Amma akwai lafazin da ke haɗa ladabi da tsaro, kamar a ce, "Likita, a gafarce ni, nauyin yaron nan kilo 7 ne, na ga an rubuta kaza, haka ake nufi?" Babban da ya san aikinsa godiya zai yi, wanda kuma ya yi tsawa ya koya wa duk ƴan ɗakin su daina tambaya, ranar da zai yi kuskure na gaske babu mai tare shi. Ta ɗaya gefen, mataimaki ya san iyakarsa. Ba aikinsa ba ne ya sauya magani don wanda aka rubuta ya ƙare, ko ya ƙara adadi don ciwo ya ƙi sauka, ko ya ɗauki jaka yana bin gidaje da allura bayan an tashi aiki, duk da cewa a unguwa kowa "likita" yake kiransa, kuma sunan yana da daɗi a kunne.

Idan kuma kuskuren ya riga ya auku, majiyyaci ne farko: a tsayar da abin da ake ba shi, a duba numfashi da bugun zuciya, a kira babba nan take, a faɗi ainihin abin da aka bayar da adadinsa da lokacinsa, domin makarin magani yana aiki ne idan an san abin da ake karyawa. Faɗin "haka Allah ya ƙaddara" gaskiya ne a wurin mai imani, amma ba ya ɗauke wajibcin faɗin abin da ya faru. Sai dai ba za a samu masu faɗa ba matuƙar sakamakon faɗa shi ne tozarci a gaban jama'a, don haka nauyin yana kan shugabannin cibiyoyi su mayar da tambayar daga "wa ya yi?" zuwa "ta yaya abin ya yiwu?". A wancan ɗakin yara da na ambata, majo bai hukunta ɗalibar ba. Washegari ya tara mu, aka bi abin daki-daki, aka gano cewa lambar gado ba ta da amfani idan yara biyu ne a kansa. Daga ranar aka fara manna filasta a hannun kowane yaro da aka kwantar, ɗauke da sunansa, sunan mahaifinsa da nauyinsa na ranar shigowa, aka kuma kwashe kwalaben potasiyom daga teburin allura aka mayar da su wani akwati dabam mai jan rubutu.